Liba Mai Tara, Kaset Mai Goma

Wanda ya tashi da Raleigh ko Phoenix bai san wannan wahalar ba. Faifai ɗaya ne a gaba, ɗaya a baya, sarƙa ta haɗa su. In firiwil ya mutu ka shiga kasuwa ka ce a ba ka firiwil, ba mai tambayarka na wane iri. Keken tsere ba haka yake ba. A wilinsa na baya akwai jerin fayafayai masu haƙora, daga ƙarami zuwa babba, su ne ake kira kaset. Wani faifai 8 ne, wani 9, wani 10, har zuwa 12, kamfanin Campagnolo na Italiya ma ya fitar da mai 13 a 2020. A wurinmu kuwa, inda yawancin kekunan tsere na hannu ne da suka sha hanya daga Turai a kwantena, kayan gyara kuma sai abin da Allah ya haɗa ka da shi a wurin 'yan gwanjo, tambayar da ba ta ƙarewa a bakin masu hawa ita ce: wannan zai hau kan wancan?

Nawa keken mai giya 9 ne a baya, Shimano Sora. Wata rana na ci karo da wilin baya mai kyau, mara nauyi, da kaset ɗin 105 mai faifai 10 a jikinsa, haƙoran ko gogewa ba su yi ba. Na kai wa wani dattijo da ke gyara a gindin darbejiya. Na ce, "Baba, duka biyun Shimano ne, kuma goma ai ta fi tara. A ɗaura mini haka nan." Bai yi musu ba. Ya rataye keken a igiyar da ke reshe, ya ɗaura wilin, ya kama feda da hagu yana juyawa, dama tana kan liba. Ƙas na farko, sarƙa ta hau faifai na biyu sumul. Na biyu ma haka. A na uku ta fara gunaguni, a na biyar kuwa sai kacau-kacau, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko. Ya murɗa ɗan notin waya har tsakiya ta yi shiru, sai kukan ya koma gefe da gefe. Ya ce, "Malam, ka ji da kunnenka. Babu mai laifi a cikinsu, kowanne lafiyayye ne a gidansu. Jininsu ne bai haɗu ba." Daga nan ya kwance mai 10 ɗin, ya zura nawa mai 9 a kan sabon wilin, ya zauna daram, domin mazaunin da kaset ke hawa iri ɗaya ne ga mai 8 da mai 9 da mai 10.

Dalilin lissafi ne tsagwaronsa. A kaset ɗin Shimano mai 8, daga tsakiyar faifai zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 4.8 ne. A mai 9 tazarar ta ragu zuwa kusan 4.35, a mai 10 ta koma 3.95. Wurin zaman bai ƙaru ba, don haka duk faifan da za a ƙara sai an matse sauran, an rage musu kauri, an sirantar da sarƙa. Tsawon gaɓar sarƙa dai rabin inci ne, milimita 12.7, daga Raleigh ɗin kakanninmu har keken da ake tseren Faransa da shi bana. Faɗinta ne ke ta raguwa, daga wajen milimita 7 a mai 8 zuwa wajen 5.5 a mai 11. Ita kuwa liba, a cikinta akwai ɗan ƙarfe mai matakai. Duk dannawa ɗaya tana jan waya gwargwadon da aka yanka mata, sai direla, wato ƙarfen nan da ke rataye a baya, ya tura sarƙa daidai tazara ɗaya. Libata an yanka ta ne a kan 4.35, kaset ɗin nan kuma 3.95 yake jira. Bambancin milimita 0.4 ne, abin da ido ba ya kamawa, shi ya sa dannawar farko ta tafi lafiya. Amma taruwa yake yi: a ta biyu 0.8, a ta biyar milimita 2 cur, rabin tazara ke nan, sarƙa ta tsaya tsakanin faifai biyu ba ta san na hawa ba.

Da a ce ƙa'idar ita ce lamba ta dace da lamba, ko suna ya dace da suna, da abin ya zo da sauƙi, kowane yaron shago ya haddace. To ba haka ba ne. Kaset ɗin SRAM, kamfanin Amurka, mai 10, yana tafiya da libar Shimano mai 10 ba tare da an ji kansu ba, don tazararsu ɗaya, mazauninsu ɗaya. Na Campagnolo mai 10 kuwa, lamba ɗaya da na Shimano, amma tazarar daban, tsagin mazaunin ma daban, ko zurawa ba zai yi ba. Da aka kai 11 sai wuri ya ƙure wa kamfanonin uku, tazararsu ta matso kusa da juna har ana iya musayar wili tsakaninsu giya ta shiga. A cikin gidan Shimano ɗin kansa akwai Tiagra 4700 ta 2015: giya 10 ce, amma direlarta ba ta jin maganar tsofaffin libobin Shimano masu 10, saboda an gina ta a kan jan wayar masu 11. Mazaunin masu 11 na keken tsere ya fi na da tsawo da milimita 1.85, shi ya sa in za ka ɗora tsohon kaset a kansa sai ka fara zura siririn zobe mai wannan kaurin. In ka manta shi kaset ya riƙa rawa. Akwai kuma dabarar da Sheldon Brown ya yayata, wani bakaniken keke a jihar Massachusetts da ya rasu a 2008: ka ɗauki kaset mai 9, ka cire faifai ɗaya, takwas ɗin da suka rage su hau tsohon mazauni na mai 7, ka ja su da liba mai 9. Lamba uku mabambanta a keke ɗaya, amma ko tari ba ya yi, tunda tazarar da libar ta sani ita ce a wurin.

Wannan tambaya ta wane zai hau kan wane, na san ta tun kafin in san kaset, a zaure na fara jin ta. Mu nan da Ahalari da Ishmawi da Risala aka yaye mu, Malikiyya ce ruwan da muka sha. Yanzu kuwa kowane saurayi yana da malamai goma a wayarsa, wannan daga Masar, wancan daga Makka, wani daga Indiya, kowa da amsarsa, kuma ba wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu. Malaman usulu sun daɗe da sa wa abin suna, talfiƙi: mutum ya yi aiki guda, wani ɓangarensa a kan mazhabar wannan imami, wani ɓangaren a kan ta wancan, har abin ya fito da siffar da babu ɗayansu da ya yarda da ita.

Misalin da aka fi bayarwa na alwala ne. A wurin Imamu Malik sai an shafi kai gaba ɗaya. A wurin Imamu Shafi'i ko ɗan sashe aka shafa ya isar. A wurin Shafi'i, fatar namiji ta taɓa ta matarsa alwala ta karye, ko da sha'awa ko babu. A wurin Malik ba ta karyewa sai in ya yi nufin jin daɗi ko ya ji shi. To ga mutum yana sauri, ya dangwala ruwa a gaban goshi ya ce na bi Shafi'i. Zai fita masallaci, mai ɗakinsa ta miƙo masa hula, hannu ya taɓa hannu, ya ce na bi Malik. Ya je ya yi salla. A tambayi Malik, zai ce wannan tun farko bai yi alwala ba. A tambayi Shafi'i, zai ce ya yi, amma ta karye a bakin ƙofa. Kowane hukunci a cikin biyun lafiyayye ne a gidansu, sallar kuma babu mai karɓarta a cikin mutum biyun da ya ce su yake bi.

Shihabuddin al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya kawo sharaɗin cewa ana iya bin wata mazhaba a wata mas'ala matuƙar ba a haɗa su ta hanyar da za ta saɓa wa ijma'i ba, misalin da ke tare da sharaɗin kuma ya fi na alwala nauyi: aure babu waliyyi, babu shaidu, babu sadaki, kowane gurbi an jingina shi ga wani imami. Sai dai Malikawa ba su zama baki ɗaya ba. Dasuƙi, mai hashiya a kan sharhin Mukhtasar Khalil, wanda ya rasu a 1815, ya ambaci hanya biyu game da talfiƙi a ibada guda: malaman Masar sun hana, malaman Magrib sun halatta, ya kuma nuna ta Magribawan aka rinjayar. Mutanenmu da yawa da ke ɗaga murya a kan wannan batu ba su san cewa saɓanin yana cikin littafin da ke kan kantarsu ba.

Abin da na fahimta, kuma a gindin darbejiyar nan ya ƙara fito mini fili, shi ne tambayar "ya halatta a haɗa ko bai halatta ba" an yi ta da faɗi da yawa. A keke akwai kayan da ba ruwan wani da wani. Sirdin Italiya, tayar Jamus, kaset ɗin Japan, ɗaura abinka, ba wanda zai yi kuka, don sirdi bai san adadin fayafayan da ke ƙarƙashinsa ba. Akwai kuma kayan da aka yanka ɗaya a kan ma'aunin ɗaya: liba, direla, kaset, sarƙa. Waɗannan in ka taɓa guda ka taɓa saura. Aikin mai gyara na ƙwarai shi ne sanin wanne ne a cikin wane rukuni, kuma sunan da ke jikin ƙarfen ba ya gaya masa. Haka nake ganin saɓanin malaman nan: ainihinsa a kan ko hukunce-hukuncen biyu a ɗaure suke da juna ne, ko kuwa zama kawai ya haɗa su a aiki ɗaya.

A mas'alar alwala zuciyata ta fi karkata ga Magribawa, ko da yake ni kaina gaba ɗaya nake shafawa kamar yadda aka koya mini, ba ni kuma da niyyar canjawa. Shafar kai da taɓa mace aya ɗaya ce ta Suratul Ma'ida ta tattara su, amma kowace da hujjarta daban, ban ga inda Shafi'i ya sauƙaƙa shafa don ya dogara da tsanantawarsa a taɓawa ba. Shaida kuwa ita ce Imam Abu Hanifa: a wurinsa rubu'in kai ya isar, taɓa mace kuma ba ya karya alwala. Da mutumin nan mai sauri ya faɗaɗa hannunsa kaɗan ya ci rubu'i, da sallarsa ta samu mazhaba sukutum da za ta karɓe ta. Abin da imami guda ya iya haɗawa a cikin ijtihadinsa, da wuya a ce haɗuwarsa ita ce ɓarna.

Aure kuwa wani abu ne daban, a nan ne ma'aunin yake. Waliyyi da shaidu da bayyanawa duk aiki ɗaya suke yi: su raba aure da abin da ba aure ba, su tsare mace kada a wayi gari namiji ya ce bai san zancen ba. Abu Hanifa ya yarda mace baliga mai hankali ta ɗaura wa kanta aure, amma ya kafe a kan shaidu tun wurin ɗaurawa, ya kuma bar wa waliyyi damar ƙalubalanta in mijin ba tsaranta ba ne. Malik bai sa shaidu su zama sharaɗi a daidai lokacin ɗaurawa ba, amma ya kafe a kan waliyyi, ya ce sai an kafa shaidu kafin tarewa, ya kuma tsananta a kan auren ɓoye. Kowannensu ya sassauta igiya ɗaya ne don ya san ɗayar a ɗaure take. Wanda ya ɗauki sassaucin wannan ya haɗa da sassaucin wancan ya kwance duka biyun, abin da ya rage a hannunsa mutum biyu ne a ɗaki, ba wanda ya sani.

In muka koma kan keke, kafin 1984 mai keken tsere ba ya wannan dogon bincike na wane zai hau kan wane. Libar giya tana jikin bututun gangar keken, ba ta da matakai, ja kawai ake yi. Ka sa hannu ka ja a hankali, ka kasa kunne, in sarƙa ta yi shiru ka saki. Irin wannan libar ba ta tambayar kaset ɗan wace ƙasa ne ko faifai nawa gare shi, tunda ma'aunin yana cikin yatsun mahayi da kunnensa. A shekarar nan ne Shimano ya fito da tsarin matakai a Dura-Ace, a 1990 kuma ya mayar da libar giya cikin hannun birki. Tsofaffin mahaya sun yi tsaki, amma jama'a sun karɓa, kuma da gaskiyarsu: mutum yana hawan tudu numfashi na fita da ƙyar, ƙas ɗaya ya samu giyarsa, ba lalube.

Ban ga abin kunya a wannan ba, kamar yadda ban ga abin kunya a taƙlidi ba. Ibn Abi Zaid ya auna, ya yanka matakai a Risala, don manomi da ɗan tireda da mai jego su yi sallarsu ba sai sun kwana a kan Muwaɗɗa da Mudawwana ba. Wanda ya ce kowa ya jefar da matakai ya koma jan waya da kunnensa, ya fara gwada giya 11 da tsohuwar liba a kan tudu tukuna, inda tsakanin daidai da kuskure bai kai kaurin farce biyu ba. Abin da aka yi asara dai shi ne kunnen. Wanda bai taɓa sanin komai ba sai ƙas-ƙas yana ɗauka lambar ita ce gaskiyar, bai san akwai tazara a ƙarƙashinta ba. Irinsa ne ke rantsuwa cewa komai sai ya zama na kamfani ɗaya, har sirdi. Takardun kamfanonin ma haka suke faɗa, kada ka haɗa kayanmu da na kowa. Rabin maganar injiniya ne ya rubuta, rabin kuma mai neman ciniki. Ba na zargin imamai da wannan, su ba su da kanti. Amma a cikin masu magana da sunansu yau, ta kowane ɓangare, akwai masu kanti.

An taɓa yin aro tsakanin mazhabobi irin na masu kunne, kuma daga wurinmu aka ara. A Hanafiyya, matar da mijinta ya ɓace ba labari sai ta jira har tsararrakinsa su ƙare, abin da ke nufin ta tsufa a ɗaure. A Malikiyya tana kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara 4, ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta yi aurenta. Daular Usmaniyya a dokar iyali ta 1917 da Masar a dokar 1920 duk sun waiwayi Malikiyya a kan irin waɗannan matsalolin mata. A Indiya abin ya kai wasu matan suna barin Musulunci don kawai igiyar ta tsinke. Maulana Ashraf Ali Thanawi, Bahanafe na gidi, ya rubuta wa malaman Malikiyya na Madina yana tambaya, kuma bai tsaya a kan jin cewa shekara 4 ce ba. Ya bi diddigin sharuɗɗan: wa za a kai wa ƙara, daga yaushe ake fara ƙirga, me za a yi a ƙasar da babu alƙalin Musulunci, inda Malikawa suka ce jama'ar Musulmi adilai za su tsaya a matsayinsa. Ya ɗauko hukuncin da duk abin da aka yanka a kan ma'auninsa. Wannan aikin yana cikin abin da ya share fagen dokar raba auren Musulmi ta 1939, wadda ta sa ɓacewar miji shekara 4 cikin dalilan da mace za ta nemi a raba.

Iyakar inda keke zai raka ni ke nan, don akwai abu biyu da ya bambanta da addini. Keke yana kuka. Ka haɗa abin da bai dace ba, kafin ka kai bakin titi ya tona maka asiri, kowa a layin ya ji. Sallar da ba ta inganta ba kuwa shiru take, auren da aka kwance wa igiyoyi yana iya shekara goma ba a ji ƙararsa ba, sai ranar da aka zo rabon gado ko aka ce yaron nan ɗan wane ne. Mai lalube a nan ba shi da abin da zai kasa wa kunne, shi ya sa nake ganin wanda bai san ma'auni ba gara ya zauna a kan matakan da ya gada, in ya matsu ya je wurin wanda ya sani, ya faɗa masa matsuwar tasa yadda take.

Na biyun ya fi damuna. Ƙarfe ba ya tambayar niyya. In tazara ta dace, ko don rowa ka haɗa, ko don gwaninta, ko wilin na sata ne, giya za ta shiga. Shaɗibi, malamin Garnaɗa da ya rasu a 1388, ya gina babban ɓangare na Muwafaƙat a kan cewa shari'a ta zo ne don ta fitar da mutum daga bin son ransa, saboda haka wanda ke zagaya mazhabobi yana tsintar abin da ya yi masa daɗi ya juya abin a bai-bai, ya mai da son ran nasa alƙali a kan malamai. Wannan cutar tana iya kama mutum ba tare da ya yi talfiƙi ko sau ɗaya ba. Malamai suna ba da misali da shuf'a. A Hanafiyya maƙwabci yana da haƙƙin karɓar gidan da aka sayar a gefensa ya biya kuɗin; a Malikiyya wannan haƙƙin na abokin tarayya ne kawai a dukiyar da ba a raba ba. To ga mutum, maƙwabcinsa ya sayar wa baƙo da gida, sai ya tashi Bahanafe, ya kawo hujja, ya karɓe gidan. Shekara ta zagayo, shi kuma ya sayi wani gida a wata unguwa, maƙwabcin can ya zo da irin hujjar da shi ya kawo bara, sai ya gyara zama ya ce ai mu nan ƙasar Malikiyya ce, maƙwabci ba shi da shuf'a. A duba kowane ciniki shi kaɗai, ba inda aka gauraya komai, sharuɗɗa sun cika, ko alƙali ba zai samu abin kamawa ba. Na farko ya inganta a Kufa wurin Abu Hanifa, na biyu ya inganta a Madina wurin Malik, gidajen kuma duka biyun suna hannunsa.